Karatun Tafinta Modu

Mamman majemi ne a Birnin Zinder, kamar ubansa da kakansa. Fatar da ta fito daga hannunsa ba ta wari, salkar da aka ɗinka da ita ba ta yoyo. Shi ya sa da Nasara suka nemi fatun salka saboda sojojin da za su tura arewa, sunansa mai unguwa ya fara ambata. Aibinsa ɗaya ne, baki. Abin da wasu ke faɗa a ɗaka, shi a kasuwa yake faɗinsa.

A lokacin Nasara ba su daɗe da kafuwa a Damagaram ba, kuma duk mai magana da kumandan sai ta bakin tafinta Modu. Modu Babarbare ne, tsohon soja, dogo, mai jar dara. Faransancinsa a bariki ya tsince shi, amma da yake babu mai jin ko rabin abin da yake ji, ana tsoronsa fiye da kumandan ɗin kansa.

Wata rana ya ratso ta majema bisa doki, ya toshe hanci da hannun riga. Mamman ya ɗago daga kan kwatarniyar bagaruwa, ya ce da abokan aikinsa ba tare da ya rage murya ba, "Ku ba akun Nasara hanya, kada warin sana'a ya ɓata masa harshe."

Majema ta kwashe da dariya. Modu bai waiga ba.

Ba a jima ba aka kira Mamman bariki a kan maganar fatun. Matarsa Lubabatu ta bi shi ɗauke da waɗanda suka riga suka bushe, ta tsuguna a gindin bishiya inda take iya jin komai, don a baranda kumandan ke zama. Aka tambayi Mamman yaushe sauran za su iso.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, zan kawo. Suna cikin bagaruwa ne, in na tsame su yanzu za su ruɓe wa sojoji a hanya. A yi mini haƙuri zuwa Juma'a ta sama, in Allah ya yarda ba fata ɗaya da za ta rage."

Modu ya juya wajen kumandan ya ce, "Luwi fa bulwar."

Lubabatu ba ta jin Faransanci, amma tana da kunne. Maganar mijinta doguwa ce, ta tafinta kuwa ba ta kai numfashi ɗaya ba. Kumandan ya ɗaga gira ya sake tambaya, Mamman ya sake cewa zai kawo, Modu ya sake faɗin kalmomin nan uku, har da girgiza kai kamar mai jin takaici. Fuskar kumandan ta yi ja. Nan take masu gadin bariki suka kwantar da Mamman aka yi masa bulala, aka rufe shi a kaso. Da ayarin sojoji ya tashi, aka haɗa shi cikin masu ɗaukar kaya, bayansa bai warke ba. Wani da ya dawo ya ce a hanyar Damargu suka binne shi, a gefen wata rijiya.

Lubabatu ta yi takaba ta fita. Ba ta sake aure ba. Ta riƙe kanta da ɗanta guda, Suma'ila, da rinin fata da sayar da bagaruwa. Kalmomin nan uku kuwa ta riƙe su kamar yadda ake riƙe aya. Tana daka tana faɗinsu, tana jan ruwa tana faɗinsu, don kada ko ɗaya ta zame mata.

Da aka ce Nasara na neman yara don lakwal, wato makarantarsu, gari ya ruɗe. Wasu suka ɓoye ƴaƴansu a rumbu, wasu suka tura su ƙauye wajen dangi. Mai unguwa Habu yana zaune a ƙofar gidansa ya rasa yadda zai cika adadin da aka ɗora masa, sai ga Lubabatu riƙe da hannun Suma'ila, wanda bai daɗe da sauke izu goma ba.

Ta ce, "Ga nawa, a rubuta shi."

Habu ya dube ta. "Lubabatu, lafiya? Mutane na gudu ke kina kawowa? Shi kaɗai fa gare ki."

"Shi kaɗai ɗin ya isa."

A hanyar komawa gida ta tsaya, ta riƙe kafaɗun yaron. Ta faɗa masa kalmomin har ya iya maimaita su yadda take faɗi.

Ta ce, "Wannan ita ce maganar da ta kashe ubanka. Ban san ma'anarta ba. Ka je ka koyi harshen nan har ka fi mai jar dara, ka zo ka gaya mini abin da ya ce. Kada ka tambayi kowa sai ranar da ka gane da kanka. Bango ma yana kai masa labari."

Malamin lakwal, wanda yara ke kira Mushe Mustafa, don Mushe ake kiran malami a lakwal, mutumin yamma ne daga ƙasar Bambara. Siriri ne, ba ya dariya, ba ya kuma yarda da "kusan daidai". Wata biyun farko a kan leɓe suka ƙare. Bakin Bahaushe yana mai da "p" ta koma "f", yana mai da "v" ta koma "b", shi kuwa Mushe sai ya sa yaro ya riƙe gashin kaza a gaban baki yana ta furtawa har gashin ya motsa yadda yake so. Daga nan aka shiga haruffa, aka shiga dikte, wato malam ya karanta yara su rubuta. A nan Suma'ila ya gane Faransanci harshe ne mai ɓoye dukiyarsa. Kalma za ta ƙare da haruffa biyu ko uku waɗanda ba a furta su, amma in ka bar su a rubutu ka sha rula a yatsu. Sauran yara suna tsine wa haruffan nan. Shi kuwa sai ya riƙa farautarsu, yana tambayar me ya sa wannan ke nan, me yake nunawa. Ya gano wani yana nuna yawa, wani yana nuna mace, wani yana nuna wane ne ya yi aikin.

Sai a shekara ta uku ranar ta zo. Mushe ya rubuta a babban allo, il veut, ya ce ma'anarsa yana so. Ya rubuta a ƙasa, il ne veut pas, ba ya so.

Ya ce, "Ku lura. In za a kore magana, ƙananan kalmomi biyu ne ke sa kalmar aiki a tsakiya, ɗaya gaba ɗaya baya. Ita kuwa wannan kalmar aikin, asalinta vouloir."

Suma'ila ya ji kamar an watsa masa ruwan randa. Ya mai da "b" ɗin uwarsa "v", ya mai da "f" ɗinta "p", sai ga kalmomin nan uku tsaye a gabansa. Ya ɗaga hannu.

"Mushe, in mutum ya ce lui pas vouloir, me yake nufi?"

Mushe ya yatsine fuska. "A ina ka kwaso wannan shara? Faransancin sojoji ne, ba kai ba gindi. Nufinsa, ya ƙi, ba zai yi ba. Kada in sake jin sa a ajina."

Da aka tashi bai tsaya wasa ba. Ya tarar da Lubabatu tana shanya jar fata a igiya.

Ya ce, "Inna, na gane. Cewa ya yi Baba ya ƙi."

Ta tsaya da fatar a hannu. "Ubanka ya ce zai kawo. Sau biyu ya faɗa."

"Shi kuma sau biyu ya ce ya ƙi." Ya matso kusa da ita. "Akwai ƙari, Inna. Mushe ya ce wannan ba Faransancin kirki ba ne. Modu bai iya ba. Ko harafi ɗaya ban ce ya sani ba."

Lubabatu ta rataye fatar, ta miƙar da gefenta a hankali. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "To. Ka ci gaba da karatunka. Ramin mugunta a gina shi gajere, shi ya gina nasa da zurfi."

Shekaru suka wuce. Suma'ila ya zama na ɗaya a dikte, na ɗaya a fahimtar karatu. In Mushe ya ba da shafi ya ce wane ne ya yi, me ya yi, don me, kafin wasu su gama bin layi da yatsa shi ya amsa. Da ya zama saurayi sai aka ɗauke shi mataimaki, yana koya wa ƙananan aji, Mushe kuma ya yi alkawarin sa sunansa cikin waɗanda za a tura babbar makaranta a yamma.

A wannan shekarar aka kawo sabon kumandan, matashi mai son takarda. Ya ba da oda cewa bayan damina duk tafintan bariki zai zauna jarrabawa, dikte da karatu da bayyana ma'anar abin da ya karanta. Wanda ya faɗi a sallame shi.

Wata la'asar Suma'ila yana goge alluna shi kaɗai, inuwa ta rufe ƙofa. Modu ne. Gemunsa ya yi furfura, amma jar darar tana nan.

Ya ce, "Kai ne Suma'ila? An ce duk Zinder ba yaron da ya fi ka alƙalami." Ya leƙa waje ya dawo. "Ina da bukata, samari. Ka ji odar sabon nan. Ni baki gare ni, ba ni da ido. Ka koya mini karatu kafin kaka. Amma kada kowa ya sani, har Mushenku. In gari ya ji tafinta Modu yana bitar a da ba kamar yaro, na gama yawo."

Bai tambayi ɗan wane ne ba. A lakwal Suma'ila Mamman ake kiransa, Mamman kuwa sun fi a ƙirga a garin nan.

Suma'ila ya sunkuyar da kai don kada a ga idonsa. Ya ce, "Ba komai, Baba. Ba wanda zai ji daga bakina."

Da ya gaya wa Lubabatu, ta ce, "Allah ya kawo maka shi har gida. Da harshe ya yi, da harshe za ka rama. Kada ka taɓa shi da hannu."

Suka fara karatu a wani ɗaki na bayan gidan Modu, kullum tsakanin la'asar da magariba. Haruffa Suma'ila ya koya masa daidai, haɗa su ma daidai, don ya san in tushe bai yi kama da gaskiya ba tsohon zai farga. Modu kuwa ɗalibi ne na gaske. Yakan cire dara ya ajiye, ya riƙe alli da manyan yatsunsa, gumi na tsiyaya, yana maimaita layi har ya zauna. Ranar da ya rubuta sunansa da kansa ya yi ta kallon allon yana dariya kamar yaro.

Da suka kai ga karanta jimla, Suma'ila ya fara aikin da ya zo yi. Modu ya nuna wutsiyar wata kalma ya ce, "Waɗannan fa? Ban taɓa jin Nasara sun faɗe su ba."

Suma'ila ya ce, "A magana suke haɗiye su, Baba. Karatu daban ne. Ka ji Larabcin fataken Turabulus a kasuwa, ka kuma ji na liman in yana jan Alƙur'ani. Ɗaya ne?"

"A'a, wallahi ba ɗaya ba ne."

"To haka nan. In mutum yana karanta takarda gaban babba, kowane harafi sai ya ba shi haƙƙinsa. Wanda ya haɗiye harafi an san bai yi makaranta ba."

Modu ya gyaɗa kai. "Magana ta yi ma'ana. Allah ya yi maka albarka."

Daga ranar ya riƙa furta kowane harafi har na ƙarshe, da ƙarfi, da ja. Kalmomin da ya shekara da shekaru yana amfani da su a baranda, in ya karanta su a haka sai su zame masa baƙi, bai ko gane su. Suma'ila kuwa bai taɓa tambayarsa wane ne ya yi, me ya yi ba. Labari uku ya rubuta masa a allo, ɗaya na ayarin raƙuma, ɗaya na kasuwa, ɗaya na wani soja da dokinsa. Ya faɗa masa ma'anarsu da Hausa, ya sa ya haddace, ya ce daga cikinsu jarrabawa ba ta wucewa. A dikte kuma ya gaya masa harafin "s" da ake sawa a ƙarshen suna harafin girmamawa ne. Kumandan yana ɗauka, sarki yana ɗauka, doki yana ɗauka. Akuya da talaka ba su ɗauka, ko sun kai dubu.

Ba kullum zuciyar Suma'ila ke tsaye ba. Modu yakan aiko masa da nama, ya ɗinka masa riga, yana kiransa "malamina" ba da ba'a ba. Wata rana da suka huta, tsohon ya ɗaga riga ya nuna masa tabo a haƙarƙari. Ya ce yana yaro mahara suka kwashe shi daga garinsu a gabas, aka sayar da shi sau biyu kafin ya faɗa hannun sojoji, kuma kowace kalmar Faransanci da ya sani da takalmin soja aka shigar masa da ita.

Tausayin tsohon ya kama Suma'ila. Ya yi niyyar ya gwada shi sau ɗaya. In ya ga nadama ko ƙanƙanuwa, zai gyara masa karatun tun da sauran lokaci.

Ya ce, "Baba, na taɓa jin labarin wani majemi da aka yi wa bulala a bariki kan fatun salka. An ce kai ka yi tafinta."

Modu ya ɗaga kai yana tunani. "Majemi? Sun yi yawa, samari." Can sai ya tafa hannu ya fashe da dariya. "A! Mai bakin nan! Ya kira ni aku gaban mutane. To aku ya yi magana." Ya share hawayen dariya da gefen riga. "Ban ma san inda ya ƙare ba. Mu koma kan raƙuma."

Suma'ila ya ɗauki alli. Ya ce, "Mu koma, Baba. Ka ƙara jan wutsiyar kalmar nan, ba ta fito sosai ba."

Ranar jarrabawa kumandan ya sa aka jera benci a barandar bariki. Tafintoci uku ne. Mushe Mustafa ne mai ba da dikte, Suma'ila yana raba takarda da tawada. Masu ƙara da ƴan kallo sun cika gindin bishiya. Lubabatu tana cikinsu, ta sa zanenta na salla.

Aka yi dikte aka karɓi takardu. Kumandan ya ɗauki ta Modu, ya duba, ya sake dubawa. Ya ce da Faransanci, Mushe yana mayarwa da Hausa don jama'a su ji, "Modu, kumandan nawa ne a garin nan? Na ga ka sa mini harafin yawa. Awaki goma kuma ka bar su kamar guda."

Modu ya ƙame kamar soja. "Don girmamawa ne, mon kumandan."

Wani farin soja, sarjan, da ke gefe ya toshe baki.

Aka miƙa masa littafi, aka nuna masa shafi. Gajeren labari ne na manoma suna jiran ruwan sama. Modu ya gyara murya, ya ɗaga littafin daidai fuska, ya fara. Ya ba kowane harafi haƙƙinsa. Ya ja na ƙarshe, ya ƙara masa wasali, ya rangaɗa shi kamar mai tilawa. Layi na farko bai ƙare ba sarjan ya fashe. Kumandan ya yi ƙoƙarin daurewa, ya kasa, ya kifa kai a tebur kafaɗunsa na rawa. Mutanen gindin bishiya ba su san abin da ake wa dariya ba, amma sun ga Nasara na yi wa Modu dariya, wannan kuwa ba su taɓa gani ba. Su ma suka kama.

Modu ya ci gaba har ƙarshen shafi, murya na raguwa.

Kumandan ya share ido ya ce, "To. Su wane ne a labarin, me suke jira?"

Modu ya dubi shafin. Ba kalma ɗaya da ya gane a ciki. Ya waiga wajen Suma'ila. Suma'ila ya dube shi ido cikin ido, bai ƙifta ba, bai kuma sunkuyar da kai ba kamar yadda ya saba. Tsohon ya zaɓi ɗaya daga cikin haddarsa.

Ya ce, "Fatake ne, mon kumandan. Suna ɗaure wa raƙuma kaya za su tafi Bilma ɗauko gishiri."

Dariyar kumandan ta ɗauke. Ya ce wani abu a hankali, Mushe ya fassara: "Ya ce in haka kake da shafi guda da ke gabanka, Allah kaɗai ya san abin da ka yi ta gaya wa waɗanda suka riga shi zama a kujerar nan." Aka umarce shi ya ajiye dara da sandar aiki a kan tebur. Ya sauko daga baranda kansa a buɗe, mutane suka dare masa hanya, wani daga baya ya yi kukan raƙumi, aka sake kwashewa.

Abin da ya biyo baya ya fi saurin wutar kara. Waɗanda Modu ya ƙwace wa gonaki suka kai ƙara, yanzu da akwai mai isar da maganarsu yadda suka faɗe ta. Masu gaishe shi a durƙushe suka koma wuce shi a tsaye. Kafin a gama girbin gero ya sayar da gidan Birni, ya shirya komawa Tirmini wajen dangin matarsa.

Ranar tashinsa yana ɗaure kaya a kan jaki, Lubabatu ta zo ta tsaya a ƙofar gidan, Suma'ila a bayanta.

Ta ce, "Sannu da aiki, Modu. Ba ka san ni ba. Ni ce matar Mamman majemi. Wannan da ya koya maka karatu ɗansa ne."

Modu ya saki igiyar. Ya daɗe yana kallon saurayin.

Ya ce, "Tun ranar farko ka sani?"

"Tun kafin ranar farko."

"Na ci abinci da kai a akushi ɗaya. Na kira ka malamina."

Suma'ila ya ce, "Na ba ka dama, Baba. Na tambaye ka labarinsa, ka yi dariya. Ka ce ba ka san inda ya ƙare ba. A hanyar Damargu ya ƙare, da kayan soja a ka, bayansa yana ruwa."

Modu ya kau da kai. Ya sunkuya ya ɗauki igiyar, ya ci gaba da ɗauri. Ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Haruffan fa? Su ma ƙarya ne?"

"Haruffan gaskiya ne."

Modu ya gyaɗa kai, ya kora jakinsa. Lubabatu ta tsaya har ya sha kwana, sannan ta gyara mayafi ta ce su tafi, tana da fata a ruwa.

Washegari bayan an tashi aji, Mushe Mustafa ya ce Suma'ila ya tsaya. Takardar dikten Modu tana gabansa.

Ya ce, "Na yi shekaru da yawa ina gyara kurakurai. Jahili yana kuskure barkatai, yau nan gobe can. Wannan kuwa kuskurensa yana da ƙa'ida, bai saɓa ta ko sau ɗaya ba. Koya masa aka yi. Kuma yadda yake rubuta harafin 'g' da doguwar wutsiya, mutum ɗaya na sani mai yin haka a garin nan."

Suma'ila bai musa ba. Ya ba shi labarin tun daga majema har barandar bariki. Mushe ya saurara bai katse shi ba.

Ya ce, "Abin da ya yi wa ubanka zalunci ne, ba ni da ta cewa. Ba zan kai ka gaban kumandan ba. Amma mutum ya zauna gabanka ya cire hularsa ya ce koya mini, ka zuba masa ƙarya da sunan ilimi. Wanda ya iya wannan, ba zan sa hannuna a tura shi babbar makaranta ba. Za ka zauna a ƙaramin aji inda idona ke kanka."

"Na ji, Mushe."

"Ba ka da abin cewa?"

"In da za a sake, haka zan sake yi."

Mushe ya ninke takardar ya sa a aljihu. "Na sani. Shi ya sa."

Wani yaro daban aka tura yamma, wanda Suma'ila ya fi shi nesa ba kusa ba, ya dawo bayan shekaru da farin kaya da babban matsayi a bariki. Suma'ila ya zauna mataimaki a ƙaramin aji har furfura ta fito masa. Yaran da suka bi ta hannunsa sun shaide shi da tsanani, amma ba wanda ya taɓa cewa ya koya masa abu ba daidai ba.

Da ya gaya wa Lubabatu hukuncin Mushe a ranar, ta tambaya ko za a yi masa bulala, ya ce a'a. Ko za a kai shi kaso, ya ce a'a.

Ta ce, "To ai da sauƙi. Wanke hannu ka ci tuwo."

Modu ya yi damina huɗu a Tirmini yana noman ɗan fili, sannan ya rasu. Wani mai kawo bagaruwa daga can ne ya faɗa wa Lubabatu suna cikin ciniki. Ta ce Allah ya jiƙan Musulmi, ta ce masa kuma bagaruwar bana ba ta bushe sosai ba, sai ya rage mata.